Hukuncin Tafiyar Kwana Zuwa Maɓuɓɓugar Ruwan Zafi a Kan Tsauni

Tambaya: Malam, mu abokai ne, mun shirya zuwa wata maɓuɓɓugar ruwan zafi can cikin tsaunuka, nesa da gari, mu kwana ɗaya mu dawo. Ruwan yana warin farar wuta. Shin tafiyar ta halatta, kuma alwala da ruwan ta inganta?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, tafiya don hutu ko neman lafiyar jiki halal ce. Ku naɗa ɗayanku shugaba, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci mutum uku idan suka fita tafiya, a ruwayar Abu Dawud. Idan nisan ya kai mil 48 a ma'aunin malaman fiƙihu, wato kilomita 80 da 'yan kai, ku yi ƙasaru.

Shi ruwan tsarkakakke ne. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ruwan da ya canza launi ko wari saboda ƙasar da yake cikinta, gishiri ne ko farar wuta, bai rasa tsarkinsa ba. Ku yi alwala da wankan janaba da shi. Idan zafinsa ya hana mutum cuɗa gaɓɓai sosai, ya ɗiba a mazubi ya bari ya huce.

Amma ku saurare ni a nan, don abin ya shafi rai. Likitoci sun tabbatar akwai wata ƙwayar cuta, Naegleria, da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi irin wannan. Ta hanci take shiga ta haura ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Shaƙa ruwa sunna ce a mazhabarmu, ba farilla ba. Saboda haka ku shaƙa da ruwan roba ko wanda aka tafasa ya huce, in babu ku bar shaƙar, alwalarku ta yi. Kada kuma ku nutsa kai ciki.

Inda matasa suka fi sakaci shi ne al'aura. Muslim ya ruwaito cewa namiji ba ya kallon al'aurar namiji, mace ma haka ga mace. Gajeren wandon da ya tsaya a rabin cinya, ya jiƙe ya manne, bai suturta tsakanin cibiya da gwiwa ba, ko da ku kaɗai ne a wurin. Idan akwai mata, kowacce da muharraminta, tantinsu daban, lokacin shigarsu ruwa daban. In hakan ba zai samu ba, a fasa zuwa da su.

Wallahu a'alam.