Garkuwa mai girman farce

Yaya, na ga tambayarka kan hoton da na turo, wai me ya zaunar da magidanta da yaransu suna shafa wa 'yan sojojin roba fenti. Bari in ba ka amsa yadda muke ganin abin a nan Lil, arewacin Faransa.

Sojan bai wuce milimita 28 ba, garkuwarsa kamar farcen ƙaramin yatsa. Aikin duk a kan garkuwar yake. A da a Turai, barde kan rufe fuska da kwalkwali, sai zanen garkuwarsa ne zai faɗi ɗan gidan wa ne. Ka tuna yadda Baba kan tsayar da mu ranar hawan sallah, yana gane kowane hakimi tun daga nesa ta lifidin dokinsa da kiɗan da ke binsa? To, haka muke karanta waɗannan.

Akwai ƙa'ida: rawaya da fari su ne zinariya da azurfa, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya, haka nan ba a ɗora ja kan shuɗi. Dalili shi ne a gane mutum cikin ƙura. Garkuwar sarkin Faransa shuɗiya ce da furannin zinariya birjik, sai a zamanin Sarki Sharl na biyar aka rage su zuwa uku. Idan kana shirya rundunar shekarar 1214, tun kafin zamanin Sharl, ka zana uku, masana a kulob ɗinmu na masu wannan fenti za su gyara maka nan take.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ta gidan Monmoransi, wani gidan sarauta na Faransa: rawaya, da jan gicciye, da 'yan gaggafa shuɗɗa 16 marasa baki da ƙafa, huɗu a kowane lungu. Ana cewa da huɗu ne kawai, aka ƙara 12 saboda tutocin abokan gaba da mai gidan ya ƙwato a yaƙin Buvin na 1214, inda Sarki Filib Ogust na Faransa ya karya rundunar Sarki Oto na Jamus. Dare uku na yi a kanta da tabarau da siririn buroshi.

Buvin ɗin nan kusa da mu yake, mun kai yara filin. A hanyar dawowa ɗana ya tambaye ni ko gidanmu ma yana da garkuwa. Na ce masa namu kirari ne, na rera masa na Kaka har inda na tuna. Don Allah ka naɗo mini sauran a murya daga bakin Gwaggo, yana jira.