Na haɗa tiransmita, fitila ta kama amma rediyo shiru

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi. Na sayi ƙaramar tiransmita ta FM, mai aika murya zuwa rediyo, irin wadda mutum ke haɗawa da kansa, mai tiransisto ɗaya da batir 9V. Na haɗa komai yadda takarda ta nuna, fitila ta kama, amma na zaga rediyo daga 88 har 108 banji muryata ba. Tiransiston da ya zo ciki S9018 ne, ƙafarsa ta karye sai na je Adum aka bani BC547 aka ce duk ɗaya ne. Abokina yace in sa caja mai 12V in ja doguwar waya bisa rufi. Dan Allah me na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ajiye maganar cajar nan tukuna, ba wuta ce ta yi maka kaɗan ba. Fitilar da ta kama ma ba ta nuna komai sai dai batir na da rai, ita daga ita sai rezistonta, ko ka cire tiransiston gaba ɗaya zata ci gaba da haske.

Inda na fi zargi shine BC547 ɗin nan. Wanda ya sayar maka bai yi ƙarya ba, duk nau'i ɗaya ne da ake kira NPN, amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya bane. Riƙe S9018, gefen da yake shafe yana kallonka ƙafafu suna ƙasa, daga hagu emita, bes, kolekta. BC547 kuwa a haka ɗin kolekta, bes, emita ne. Kaga in ka bi zanen da ke kan fanel ka soka shi yadda na farko zai zauna, to ka juya shi kenan, kuma a juye ƙarfinsa ɗan kaɗan ne, bazai taɓa tada sigina ba. Tunda bes na tsakiya a duka biyun gyaran ba wuya, cire shi ka juya bayansa ya koma inda gabansa yake. In zaka samu S9018 ɗin dai ya fi, don shi dama don aikin rediyo aka yi shi, yana kaiwa wajen 1000 MHz, BC547 kuwa kusan 300 ne, zai yi amma da ƙyar. Kuma kar a baka C945 ko C1815 ka soka haka nan, su kolekta ce a tsakiya.

Sai koyil, wato wayar nan da aka naɗe, wanda wallahi shi ya fi kashe wa yara gwiwa. Wayar nan mai ruwan jan ƙarfe ba tsirara take ba, akwai wani siririn fenti a jikinta da ido baya gani sosai. In baka kankare bakinta biyu da reza har ta yi ƙyalli ba, dalma zata taru a kai ta yi tsibi kamar ta kama, alhali ba abin da ke wucewa. Sa maltimita a inda take ƙara, taɓa digon solda biyu na koyil ɗin ta ƙasan fanel, in ba ta yi kuka ba to ga matsalarka nan. Ka duba sauran soldar ma, mai kyau tana sheƙi ta kwanta a jikin ƙafa, wadda ta dunƙule ta yi toka-toka a sake ta, ƙarfen solda ya taɓa ƙafa da fanel tare daƙiƙa 2 ko 3 ya isa.

Abin da nake so ka riƙe, a 100 MHz komai na jikin aikin yana da tasiri, har tsawon ƙafar da ka bari da hannunka da ka kawo kusa. Koyil mai zagaye 4 ko 5 wajen 0.1 µH ne, da kafasito 25 pF su ke ba da kusan 100 MHz. To 25 pF abu ne ƙanƙani ƙwarai, yatsanka kaɗai zai iya ƙara masa, shi yasa in ka murɗa tirima, wato kafasiton da ake murɗawa don saita lambar tasha, da sukundireba na ƙarfe zakaji murya ta fito, kana ɗaga hannu ta gudu. Nemi na roba, ko ka fiƙe tsinken katako, ka murɗa a hankali sosai. Ƙafafun kaya duk a yanke su gajeru, kar ka bar su tsaye kamar zakara kan katanga. In tirima ta ƙare baka shigo tsakanin 88 da 108 ba, matse koyil lamba zata sauka, buɗe shi kaɗan zata hau.

Ƙananan kafasiton nan masu kama da ƙwayar magani suma a duba lambarsu. 104 shine 100 nF, 102 shine 1 nF, mai 10 kawai shine 10 pF. Girmansu kusan ɗaya, in ka musanya su an gama. Makirfo kuma ƙafar da ke haɗe da gwangwaninsa ita ce negetif.

Wajen gwaji kar ka manna rediyo a jikin tiransmita, a kusa haka zakaji ta a wurare da yawa baka san wanne ne na gaske ba. Matsa da ita ƙarshen ɗaki, ka nemi gurbin da ba tasha, duk da nasan a Kumasi gurbi yayi wuya tashoshi sun cika. Sabon batir zaka sa, in ya yi sanyi lamba tana zamewa. Caja kuwa ƙugi zata zuba maka cikin murya, 12V ɗin kuma yana iya dafa tiransiston.

Maganar waya bisa rufi, ƙanena kar ka yi, da gaske nake. Eriya ta kwata, wato mai tsawon kashi ɗaya cikin huɗu na igiyar siginar, a wannan zango santimita 75 ce, kuma irin kayanka ko 30 ta ishe shi cikin gida, doguwa ma sau da yawa janye lambar take ko ta kashe siginar. Babban abin tsoro, daga 108 zuwa 137 MHz na jiragen sama ne, kai kuma kana Aboabo filin jirgi na Prempeh I na nan kusa da ku, ga tiransmitar ba ta da tacewa kuma baka da na'urar da zata faɗa maka ainihin inda take. Watsa shiri a FM a Ghana sai da izinin NCA, hukumar sadarwa ta ƙasar, dokar sadarwa ta 2008 ce. Ka bar ta a ɗaki da gajeriyar waya, ka kashe in ka gama.

Juya tiransiston, kankare koyil, sannan ka auna tsakanin bes da emita, ya kamata ka ga wajen 0.6 zuwa 0.7V. In har yanzu shiru, turo min abin da ka samu a ƙafafun uku da hoton ƙasan fanel mu duba tare.