Filin Tambaya da Amsa: Wane Ne Wenceslas na Waƙar Kirsimeti?

TAMBAYA: Ina gaisuwa da fatan alheri. Ina cikin ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Sabon Tasha, Kaduna, kuma duk Disamba mukan rera waƙar Sarki Wenceslas, wanda ya keta dusar ƙanƙara domin kai wa wani talaka abinci da itacen wuta. Shin an taɓa yin wannan sarki, ko kuwa almara ce?

AMSA: Malama, an yi shi kuwa, amma tarihinsa ya fi waƙar ɗaci. An haifi Wenceslas wajen shekarar 907 a gidan sarautar Bohemiya, ƙasar da a yau take cikin Jamhuriyar Cek. A zamaninsa bai kai muƙamin cikakken sarki ba, basarake ne mai riƙe da ƙasa, sai bayan mutuwarsa mutane suka ɗaukaka shi da sunan sarki.

Kakarsa Ludmila ce ta raine shi a kan tafarkin Kiristanci, a lokacin da addinin bai gama kafuwa a ƙasar ba. Da mahaifinsa ya rasu a 921 yana ƙaramin yaro, sai rikici ya ɓarke tsakanin kakar da mahaifiyarsa Drahomira a kan wadda za ta riƙe yaron da mulkin, har aka kai ga shaƙe tsohuwar a cikin shekarar. Da ya karɓi ragama, ya gina majami'ar Waliyyi Vitus a fadar Prague, babban birnin ƙasar, kuma a 929, sa'ad da Sarki Henry na Jamus ya iso da runduna, ya zaɓi biyan haraji a kan ya jefa talakawansa cikin yaƙi. A ganina wannan shawara ta fi duk wata almara nuna halinsa, domin ba kowane matashi mai mulki ne zai iya haɗiye girman kai saboda rayukan jama'arsa ba.

Ajalinsa a hannun ɗan'uwa ya zo. Ƙanensa Boleslav ya gayyace shi biki a garin Stara Boleslav, kuma da safiyar 28 ga Satumba, 935, aka kashe shi a ƙofar majami'a. Ba da jimawa ba aka fara girmama shi a matsayin waliyyi, kuma tsofaffin rubuce-rubuce sun yabe shi da tausayin marayu, gwauraye da fursunoni. Har yanzu ranar 28 ga Satumba hutu ce a ƙasar, kuma babban dandalin Prague, inda dubban mutane suka taru a 1989 lokacin faɗuwar mulkin kwaminisanci, sunansa yake ɗauke da shi.

Ita waƙar kuwa daga baya ta zo. Wani limamin coci na Ingila, John Mason Neale, ya wallafa baitocinta a 1853, ya ɗora su a kan muryar wata tsohuwar waƙar bazara da ke cikin wani littafi na 1582. Labarin da ke cikin waƙar na baran Wenceslas da ya riƙa sa ƙafa a sawun ubangidansa don ya ji ɗumi daga hikayoyin waliyyai ya samo asali, saboda haka kada ki koya wa yara shi a matsayin tarihi, ko da yake ya dace da shaidar da aka yi wa mutumin. Ki kuma lura cewa waƙar ba ta ambaci haihuwar Almasihu ba; ranar Waliyyi Istifanus ta ambata, wato 26 ga Disamba, kuma a ranar ce ya fi dacewa ƙungiyarku ta rera ta.