Oloibiri: garin da aka fara haƙo man Najeriya

Malam, ka tambaya wane gari ne Oloibiri, kuma su wa ke zaune cikinsa. Ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Ogbia, jihar Bayelsa. A yankinsa kamfanin Shell D'Arcy, wanda daga baya ya zama Shell-BP, ya samu man fetur a watan Janairun 1956, aka fara fitar da shi ƙasashen waje a 1958, kimanin ganga 5,000 a rana. Rijiyar farkon ma, in za a bi gaskiya, a ƙasar Otuabagi take, kusa da garin.

Mazaunansa 'yan Ogbia ne, masunta da manoma. Tun da aka daina haƙo mai a 1978 garin ya yi sanyi, matasa suka yi ta tafiya Yenagoa da Fatakwal neman abinci. Ƙarfen da ke bakin rijiyar farkon nan yana tsaye, tsatsa ta cinye shi, ciyawa ta kewaye.