Amsa Kan Ziyarar Tsoffin Biranen Andalus

Malam, ka tambaya ko kwana huɗu za su ishe ka zagaya Giranada da Ƙurɗuba da Sebil a kudancin Sifaniya. Za su isa, amma a ganina ka ware yini guda cur saboda fadar Alhambra ta Giranada, wadda sarakunan Banu Nasr suka zauna a cikinta har mulkinsu ya faɗi a 1492. Ka sayi tikiti ta intanet tun makonni kafin tafiya, domin ɓangaren fadojin sarakunan yana da ƙayyadadden lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikitin, kuma wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa. Ka riƙe fasfonka a hannu. Idan ka shiga, kada ka yi gaggawa. Ka matsa kusa da bango ka karanta rubutun da aka sassaƙa ana maimaita shi ko'ina, "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah.

A Ƙurɗuba, babban masallacin da sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 ya koma coci tun 1236, saboda haka ba a yarda a yi salla a ciki ba, gara ka san wannan tun daga gida. Kufan Madinatuz Zahra, tsohon birnin fadar halifofin Ƙurɗuba, yana bayan gari kaɗan, kuma abin takaici ne yadda baƙi da yawa suke tsallake shi.

Sebil kuwa yini ɗaya ya wadatar. Ka guji Yuli da Agusta, domin zafi yakan haura digiri 40.