An ce in sayi Vitz da aka juya wa sitiyari, ko akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Kano, muna zaune a Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma yana wajen Tarauni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 tsohuwar Camry ɗin maigidana ta fi ƙarfinmu, kuɗin adaidaita sahu kuma yana neman cinye albashin. Na kwashi adashi na haɗa da kuɗin wani ɗan fili da na sayar, ina son ƙaramar mota mai otomatik da zan riƙa sauke yara a makaranta in wuce aiki. Ƙanen maigidana ya kawo wani dillali da ya nuna mana Toyota Vitz, fes da ita, kuma kuɗinta ya yi ƙasa sosai da na wata Yaris da muka taya. Ya ce daga Japan take, sitiyarin kawai aka mayar hagu a Dubai, wai ma ta fi ta Turai ƙarko. Suna so in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Wallahi hankalina bai kwanta ba, don idan kuɗin nan suka salwanta ba ni da wasu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ba da ko sisi a kan motar nan, kafin Juma'a ko bayanta. Ki bar ƙanen maigidanki ya yi fushinsa, zai huce.

Tunaninki na neman ƙaramar motar Japan daidai ne. Ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, daga Rijiyar Zaki a bi ta Kabuga a ratsa cunkoso har Tarauni, babu abin da ya kai Yaris ko Honda Jazz sauƙin riƙo. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan kalma da dillalin ya jefa miki, wato "kawai". Kusan kullum sai na ji ta a gareji. Sitiyari kawai aka juya. Kamar wanda ya ɗauki kujera daga wannan kusurwa ta ɗaki ya ajiye a waccan.

A Japan a hannun hagu ake tuƙi, don haka direba yana zama a dama. Mu ma haka muke da, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma hannun dama, Gana ta biyo baya a 1974, Nijar kuwa dama can a dama take. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan tana tafiya Kenya ko Tanzaniya ko Yuganda yadda take, ba a taɓa mata komai. Mu nan doka ta hana shigo da mai sitiyari a dama, shi ya sa ake biyawa da ita wani wuri a yi mata tiyata. Vitz da Yaris mota ɗaya ce a asali: Vitz sunan da aka riƙa kiranta da shi a Japan har zuwa 2020, Yaris sunanta a Turai da Amurka. Saboda haka duk tsohuwar Vitz da kika gani da sitiyari a hagu, wani ne ya juya ta bayan ta bar masana'anta. Haka Toyota Passo. Wadda na cire a nan ita ce sabuwar Vitz da aka fara sayarwa a Afirka a 2023, wadda a zahiri Suzuki Celerio ce aka sa wa tambarin Toyota, kuma ba ita aka nuna miki ba.

To me ake taɓawa idan za a juya? Sitiyarin da kike riƙewa ƙarshen doguwar sarƙa ne. Akwai sandar da ta sauka daga gare shi, ta huda bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta haɗu da rak ɗin da ke juya tayoyi. Akwai matakan birki da totur, akwai tukunyar birki da ke manne a jikin wannan bango daidai gaban direba, akwai bututun man birki, akwai dashbod, akwai damin wayoyi, akwai na'urar sanyi da ke zaune daidai wurin da za a kai sitiyarin. Duk sai sun tashi. Bangon nan kuma an buga shi ne da hudojinsa da ƙarin kaurinsa a ɓangaren dama. A hagu babu. Sai mai juyawa ya yanka sabuwar huda, ya toshe tsohuwar da faci, ya shafe da baƙin fenti.

Wata rana aka kawo mini irinta, mai ita yana cewa sitiyari na ɗan yi masa wasa idan ya shiga rami. Na cire murfin ƙasan dashbod na haska da tocila. Sandar sitiyarin an yanke ta an ƙara mata tsawo da guntun ƙarfe, an yi walda irin ta masu ƙofar gida, waldar har ta fara tsagewa a gefe guda. Tukunyar birki kuma ba su ma wahalar da kansu sun matsar da ita ba, tana nan a dama. Wani rodi suka gitta daga matakin da ke hagu zuwa can, yana juyawa a kan ƙusoshi biyu. Wato duk lokacin da bawan Allahn nan ya taka birki, ransa da na iyalinsa suna rataye a kan rodin nan. Na kira shi na ce ya durƙusa ya leƙa da idonsa. Da ya ɗago bai ce komai ba, sai salati.

Kamfani yana ƙera sandar sitiyari ne yadda za ta naɗe ta shige cikin kanta idan aka yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Da an yi mata walda wannan ya tafi. Jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum idan an yi karo, ita ma haka: ta direba da ta fasinja ba girmansu ɗaya ba, ba wayarsu ɗaya ba, kuma masu aikin gaggawa sau da yawa cire soket ɗin suke yi, sannan su cire ƙwan fitilar gargaɗin ko su liƙe shi don kada ya tona asiri. Wayoyin da aka yanka aka ƙara wa tsawo aka naɗe da salatif suna nan a bayan dashbod, a zafin Kano na watan Afrilu. Yau sigina ta ɗauke, gobe gilashi ya ƙi sauka, jibi a ji ƙaurin roba. Sai a yi ta yawo wurin masu wayarin, kowa ya yanka ya ƙara nasa.

Ga kuma abin da ko a juyi mai kyau ake mantawa. Fitilar motar Japan an saita ta ne haskenta ya ɗaga ta gefen hagu, don ya haska bakin titi a can. A titinmu gefen hagu shi ne idon mai tahowa. Ke ba ki ga ramin da ke gefenki ba, shi kuma kin kashe masa ido. Waifa ma tana share gefen dama har ƙarshe, ta bar kusurwar da ke gabanki a jiƙe.

Na san abin da dillalai za su ce: ai akwai masu juyawa da kyau, su sa rak da dashbod da wayoyin Yaris na asali. Akwai. Amma aikin da aka yi shi haka yana cin kuɗin da motar ba za ta zo miki da araha ba. Rangwamen da kika gani, kuɗin abubuwan da aka tsallake ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma ke da kike tsaye a filin sayar da motoci da mayafinki, ta yaya za ki bambance mai kyau da marar kyau alhali duk aikin yana ɓoye a bayan dashbod? Ni kaina sai na kwance nake sani.

Batun wai ta Japan ta fi ta Turai ƙarko, akwai ƙwayar gaskiya a ciki da suke fakewa da ita. A Japan ana yi wa mota wani tsattsauran bincike mai tsada da suke kira shaken, bayan shekara 3 da saye, daga nan duk bayan shekara 2, shi ya sa mutane da yawa ke rabuwa da mota tun ba ta tsufa ba. Injin yakan zo da sauransa, ban musa ba. To amma inji ba ya tsayar da mota, ba ya kuma juya ta. Su kuma masu cewa ai an ba ta lamba, ai tana da takardu, sai in ce lamba ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin dashbod ba. Dokar tana nan a rubuce, motocin kuma ga su nan cike da titi ɗauke da lamba, kowa ya san yadda aka yi. Ranar da waldar ta saki, babu wanda ya sa hannu a takarda da zai zo gaisuwa.

Ki koyi gane juyayyar mota da kanki, don wani dillalin ba zai faɗa miki ba, har tambarin Vitz yakan cire ya manna na Yaris. Ki duba lambar shasi. Motar da aka yi wa Turai ko Amurka tana da haruffa da lambobi 17 cif. Yaris ɗin da aka haɗa a masana'antar Toyota ta Valenciennes a Faransa tana farawa da VNK, wadda aka haɗa a Japan don fitarwa waje tana farawa da JT. Ta cikin gidan Japan kuwa lambarta gajera ce mai ɗan layi a tsakiya, irin su SCP10 ko KSP90 sannan sauran lambobi. Ki zauna a kujerar direba ki nemi abin buɗe bonet: idan yana can ƙarƙashin ƙafar fasinja, magana ta ƙare. Sandar sigina idan tana dama da sitiyari, alama ce. Agogon gudu idan ya tsaya a 180, alama ce. Ki kunna rediyo, idan na asali ne na Japan daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, ba zai kamo miki Freedom a 99.5 ba. Sannan ki murɗa makulli ba tare da kin tayar ba: fitilar jakar iska dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, an taɓa ta. A Honda sai an ƙara lura, don sunan Fit, wato ɗaya sunan Jazz, ana amfani da shi a Japan da Amurka duka, ta Amurka lafiyarta ƙalau, lambar shasi ce za ta raba gardama.

Yanzu abin da za ki saya. Tunda otomatik kike so, zaɓina na farko Yaris 'yar Amurka, mai inji 1.5 da giya huɗu ta gargajiya. Ba ta da fitina, kowane bakanike ya san ta, kayanta suna nan a Ƙofar Ruwa. Yaris 'yar Turai ta zubi na biyu, daga 2005 zuwa 2011, ki yi hattara da wadda ake ce wa otomatik: yawancinsu giyar MMT ce, wato giyar hannu da kwamfuta ke taka wa kuloci, tana fizga a cunkoso, idan ta lalace kuma masu gyaranta kaɗan ne. Da za ki daure ki koyi giyar hannu, 'yar Turai mai 1.3 ta ishe ki. Mai 1.0 silinda uku ta fi kowa tsimin mai, amma ki ɗora yara huɗu ki kunna sanyi ki hau gadar Ƙofar Nasarawa, za ki ji tana nishi. Mai dizal ki bar ta.

Jazz ta fi Yaris fili a ciki, kujerun baya suna naɗewa har buhun shinkafa da kwandon kasuwa su shiga ba gardama. Sharaɗinta biyu. Ta zubin farko mai inji i-DSI fulogi 8 take da su, biyu a kowace silinda, kuma yara a gareji kan canza huɗun gaba su manta na baya. Giyarta ta otomatik da ake kira CVT kuma man kanta take sha, duk wanda ya ce miki man giya duk ɗaya ne ki karɓi makullinki ki tafi. Idan za ki gwada ta, ki tashi a hankali daga tsaye, in ta yi karkarwa ki haƙura da ita. Nissan Micra tsohon zubi, irin wadda ta cika Ibadan a matsayin tasi, tana da juriya amma shekaru sun ja, ba na ba mace mai yara shawarar ta.

Duk wadda kika tsayar, ki sa a bincika da lambar shasi ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye kan jakar iskar kamfanin Takata, don Yaris da Jazz na waɗannan shekarun da yawa abin ya shafe su. Ki je da bakanikenki, ba na dillali ba, ba kuma abokin ƙanen maigida ba. Ki je da sassafe a tayar da ita a gabanki inji na sanyi. A ɗaga ta a duba tsatsa a ƙasa, don motocin ƙasashen ƙanƙara gishirin titi yana cinye su. A tabbatar salansa ba a fafe abin da ake kira indomi ba, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, kuma ba a cire tamostat ba. Takardar kwastan a kai ofis a tantance cewa lambar da ke jiki ita ce ta motar, don tun da aka hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017 masu takardun bogi suka yawaita.

Kada ki zuba duk kuɗin a farashin mota. Ki ware na tayoyi huɗu, batir, juyen baƙin mai da man giya, canjin suna da inshora. Idan bayan kin ware abin da ya rage bai kai Yaris 'yar Beljiyam ba, ki nemi ta hannu mai tsafta wadda aka san mai ita, ko ki ƙara zubi ɗaya na adashi. Idan kin samu wadda ta kwanta miki, ki turo mini lambar shasin da hoton ƙasan dashbod ta ɓangaren direba kafin ki biya.