Tambaya da Amsa: Tsare Kwamfutocin Makaranta daga Bairos da Ɓarnar Ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Katsina. Duk filas ɗin da aka soka a ɗakin kwamfutarmu, sai fayilolin cikinsa su ɓace, a ga wasu masu alamar ƙaramar kibiya a gurbinsu. Mun sa anti-bairos har biyu, abin bai daina ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Wannan bairos yakan ɓoye na ainihin, ya ajiye na bogi mai suna iri ɗaya. Da yaro ya danna na bogin, cutar ta kama kwamfutar, ita kuma ta shafa wa duk filas ɗin da aka soka mata daga baya. Shi ya sa wanke filas kaɗai ba ya magani, sai an fara da kwamfutar.

Ka cire anti-bairos ɗin nan biyu, don junansu suke hana wa aiki, su kuma sa na'ura nauyi. Microsoft Defender da ke cikin Windows 10 da 11 ya isa, muddin ana sabunta shi. A cikin Windows Security ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike na kamar minti 15 tun kafin bairos ɗin ya farka. Bayan haka ka soka filas ɗin, ka buɗe Command Prompt, ka rubuta: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* (ka musanya E da harafin da kwamfutar ta ba filas ɗinka). Fayilolin za su bayyana. Goge masu kibiyar ba tare da ka buɗe su ba, haɗe da duk baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs.

Don kada a koma 'yar gidan jiya, toshe ƙofar gaba ɗaya a kwamfutocin ɗalibai. Buɗe gpedit.msc, ka bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Removable Storage Access, ka kunna All Removable Storage classes: Deny all access. Allon rubutu da linzami za su ci gaba da aiki, filas da sauran ma'ajiyoyin fayil da ake sokawa ne za su ƙi buɗewa. Wannan saitin yana cikin Windows Pro da Education, babu shi a Home. Mai son kawo aikinsa ya miƙa wa malami, a duba a kwamfuta ɗaya da aka ware.

Tambaya: Ni shugabar wata makarantar kuɗi ce a Kano. Yara suna sa wasanni, suna goge manhajojin karatu, har wani ya canza kalmar sirrin malaminsu. Duka za mu ci gaba da yi?

Amsa: Hajiya, bulala ba za ta gyara wannan ba, domin ƙofa aka bari a buɗe. Galibi za a tarar yara suna shiga ne da asusun Administrator, wanda ke da ikon sawa da cire komai. A buɗe musu asusun Standard, na Administrator ya zauna hannun mutum biyu kacal, da kalmar sirri mai tsawon harufa 12 ko fiye, kuma kada a buga ta a gaban aji.

Batun canza kalmar sirri kuwa, yaro mai wayo yana iya tayar da kwamfuta daga filas ya share kalmar sirrin cikin 'yan mintoci. A shiga BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi wajen tashi kafin Windows, a hana tashi daga USB, a sa wa BIOS ɗin tasa kalmar sirri. Sannan a sa ƙaramin kwaɗo a akwatin kwamfutar, don a yawancin na tebur cire ɗan batirin CR2032 da ke ciki yana mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani.

In da hali, a sa manhaja irin Deep Freeze ko Reboot Restore Rx: duk ɓarnar da aka yi, da an kashe an kunna komai ya dawo yadda aka tsara. Sai dai aikin ɗalibi ma tafiya yake, don haka a ware masa wurin ajiya daban, kuma a riƙa dakatar da manhajar lokacin sabunta Windows, in ba haka ba sabuntawar ma ta goge. Veyon kuma kyauta ce, tana nuna wa malami allon kowane yaro daga kujerarsa.

Tambaya: Yaya za mu hana yara shiga shafukan batsa da intanet ɗin makaranta?

Amsa: Daga rauta ake farawa, wato na'urar da ke raba intanet. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita, a kashe WPS (hanyar haɗuwa da rauta ba tare da buga kalmar sirri ba), sannan a wurin DNS (saitin da ke nemo adireshin shafuka) a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3. Na kamfanin Cloudflare ne, kyauta, suna tare shafukan batsa da masu yaɗa bairos. Manhajar VPN, mai karkatar da hanyar intanet, na tsallake wannan shinge, shi ma dalili ne na hana yara ikon sa manhaja. Kwamfutar ofis mai ɗauke da sakamakon jarabawa da lissafin kuɗin makaranta kada ta hau layi ɗaya da ta ɗalibai, a ba yara layin baƙi na rautar.

Tambaya: Kwamfutocinmu Windows 7 ne. Akwai matsala?

Amsa: Akwai. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum 14 ga Oktoban 2025 ne. Bairos ɗin WannaCry da ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, har da na asibitocin Ingila, ya bi ta ɓarakar da aka riga aka fitar da facinta tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne ya ci. In injinan ba za su ɗauki Windows 11 ba, a sa musu Linux Mint a madadin Windows, ko a raba su da intanet a bar su don koyon buga rubutu da atisayen jarabawar JAMB.